Kawu Rabin-Lauya da Cinikin Bene

Shekara goma sha tara kawuna ya yi yana masinja a wani ofishin lauyoyi. Aikinsa ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, da dafa shayi, da korar masu talla daga bakin ƙofa. Amma in ka zauna da shi na minti biyar, sai ka rantse alƙalai ba sa yanke hukunci sai sun bugo masa waya. Shi ya sa dangi suka laƙaba masa Rabin-Lauya. Da gatse aka sa sunan, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu, har yana ƙorafin an rage masa, wai ko a bakin maƙiyi ya wuce rabi.

Innata yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin jinya, kuma duk a gidan haya muka yi su, ni da ita. Da ta yi ritaya aka ba ta kuɗin sallama, sai ta ce ita kam ta gaji da zama a ƙarƙashin rufin wani. Abin da ƙarfinta ya kai shi ne saman wani bene: ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon titi. Wa da ƙane ne suka gaji ginin. Shi wan, mai walda ne, shagonsa na ƙasa. Ƙanen kuwa, mai sayar da gilashi ne, shi ke sama, kuma shi zai sayar don zai bar garin. Mai gidan hayarmu kuma ya riga ya ba mu wa'adin ƙarshen wata, har ya yi wa wasu alkawarin ɗakunanmu. In ba mu shiga benen nan ranar ba, ba mu da wurin kwana.

Inna ta samo lauya, wata mace 'yar siririya mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya. Ranar da za mu je ofishinta, Kawu ya maƙale mana, wai zai je ya auna ta.

Lauyar ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce za ta je ofishin filaye ta duba ko da gaske sunan mai gilashi ne a rajista. Za ta ɗauki taswirar gidan ta je ta gwada ta da ginin, ta ga me aka sayar, me ba a sayar ba. Kuɗin kuma za su zauna a hannunta har sai komai ya daidaita, sannan a sake su. Ta ce a ba ta mako biyu.

Kawu ya yi wata dariya ta cikin hanci. "Mako biyu? Yaya, mu a ofishinmu kafin shayi ya huce mun sayar da gida uku."

Na ce, "Kai ka sayar, Kawu, ko kai ka dafa shayin?"

"'Yar nan, manya na magana."

Lauyar ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, a wane matsayi ka yi aiki a can?"

"Babu fayil ɗin da ya taɓa shiga ko ya fita bai bi ta hannuna ba."

Na ce, "Wannan kam gaskiya ne, da hannu yake ɗauka."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya juya wajen Inna ya sassauta murya, ya ce abin kunya ne a ce tana da shi a gida ta je tana biyan bare, kuma duk wannan jerin ayyuka da aka lissafa mata dabara ce ta ja lokaci. Shi kwana huɗu kawai yake so, kuma ko sisi ba zai karɓa ba.

Inna mace ce mai hankali a komai, sai a kan ƙaninta. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau in ya marairaice, yaron nan mai majina take gani. Ta ba wa lauyar haƙuri. Lauyar ba ta ja ba, ta miƙa mata ɗan katinta ta ce, "Mama, ga lambata, ki ajiye." Ni na karɓa na jefa a jaka, raina a ɓace.

Washegari Kawu ya tafi ofishin filaye da sassafe, ya dawo kafin in gama shara.

"Bincike ya kammala," in ji shi, yana cire takalmi.

Inna ta ce, "Har ka ga rajistar?"

"Layi ne har bakin titi, Yaya. Layi na waɗanda ba su san kowa ba ne. Mai gadin wurin mutumina ne tun da daɗewa. Na tambaye shi ko ya taɓa jin wata rigima a kan gidan, ya ce shi ko unguwar bai sani ba."

Na ce, "To sai me?"

"To shi ke nan mana! Gidan da ke da rigima, mai gadi ne ke fara ji. Tunda bai ji ba, babu."

Rana ta biyu ta duba gini ce. Kawu ya aro wata baƙar kwat a wajen wani abokinsa, hannayenta sun wuce yatsunsa, ya saka ta cikin wannan zafi, ya rungumi fayil. Muka tafi mu uku, mai gilashi yana jiran mu. Matakalar benen a waje take, a gefen shagon walda, cikin wani ɗan lungu mai ƙofar ƙarfe. Tana da faɗi, ga maƙari mai kyau, abin da ya sa Inna ta yarda da bene ke nan duk da ciwon gwiwarta. Kawu ya hau yana ƙirgawa da ƙarfi, ya rubuta goma sha bakwai a fayil. A sama ya auna falo da takalminsa, ya ƙwanƙwasa bango ya kara kunne, ya buɗe famfo ya ɗanɗana ruwan, ya gyaɗa kai ya ce ginin ya ci jarrabawa.

Da muka sauko, mai walda ya kashe injinsa, ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa. Ƙato ne, hannayensa duk tabon wuta, amma ya rusuna ya gaida Inna da ladabi.

"Mama, ke ce za ki zama maƙwabciyarmu? Madalla. Dama akwai 'yar magana a kan matakalar nan da nake so ki..."

Kawu ya ɗaga masa hannun kwat. "Dakata. Kai ne mai sayarwa?"

"A'a."

"Kai ne mai saye?"

"A'a, ni dai..."

"Shaida ne kai?"

"Ba a kira ni ba."

"To a doka sunanka ɗan kallo. Ɗan kallo kuma ba ya magana."

Mai walda ya dubi ƙaninsa. Mai gilashi ya duƙufa a kan wayarsa kamar wanda aka aiko wa labarin rasuwa, gumi na bin wuyansa. Mai walda ya sauke gilashinsa, ya koma bakin aiki. Inna ta ce, "Da ka bari mun ji abin da zai ce." Kawu ya ce irin waɗannan in ka ba su fuska yau, gobe su ne za su gaya maka lokacin da za ka yi tari a gidanka.

Da ya tsaya a nan ma da sauƙi. Rana ta uku, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya je shagon buga takardu ya sa aka buga wata wasiƙa. Ita ce wasiƙa ta farko da ya taɓa aika wa mutumin, amma a samanta ya sa aka rubuta GARGAƊI NA ƘARSHE. A ciki ya hana mai walda buga guduma kafin ƙarfe goma na safe da bayan azahar, ya ba shi kwana uku ya kwashe ƙarafansa daga lungun matakala, in ba haka ba za a ɗauki matakin da shi kansa mai ɗaukar ba ya so. Ya buga mata hatimi har uku, wanda ya sa aka sassaƙa masa da sunansa, ya je ya liƙa a ƙofar shagon mutane da rana tsaka. Wata tela da ke tsallaken titi ta ba ni labari daga baya. Ta ce mai walda ya karanta a tsaye har ƙarshe, ya ɓanɓare ta a hankali don kada ta yage, ya ninke ya sa a aljihu.

Ranar sa hannu kuwa biki Kawu ya mayar da ita. A falonmu aka yi, a tsakiyar kwalayen da muka fara ɗaurewa. Ya zo da yarjejeniya shafi goma sha huɗu, ya haɗa ta da duk wata kalma mai nauyi da ya taɓa tsinta a bakin iyayen gidansa. Ya gayyato shaidu goma sha ɗaya, har da wanzaminsa da wani mutum da suka haɗu a mota. Ya miƙe ya karanta ta daga farko har ƙarshe, fiye da awa guda, mutum biyu suka yi barci, wanzami ya fita ya yi aski ɗaya ya dawo bai rasa komai ba.

Mai gilashi ya zo da taswirar gidan, an zagaye wani sashe da jan layi. Kawu ya riƙe ta a kife, ya yi mata kallo ɗaya, ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Na ce, "Kawu, wannan jan layin fa, me yake nufi?"

"Yana nufin an amince. Ja launin hukuma ne."

"Na ga kamar bai zagaye ko'ina ba."

"Biron mai zanen ne ya ƙare. 'Yar nan, ke malamar makaranta ce, ki bar wa masu abu abinsu."

Na bar maganar a nan, kuma har yau hakan yana ci mini rai. Daga nan Kawu ya ce a tura wa mai gilashi kuɗinsa tun kafin a sa hannu, don ya san ba da matsiyata yake ciniki ba. Inna ta tura. Mai gilashi ya ga saƙon banki, ya rattaba hannu a duk inda aka nuna masa ba tare da ya karanta ba, ya ajiye makulli a kan kwali, ya fice ko sallamar kirki babu. Kawu ya bi bayansa da kallo ya ce, "Kun gani? Kwarjini ke nan."

Ranar ƙarshen wata muka loda motar kaya tun da safe. Muna fitar da katifarmu, sababbin 'yan haya suna shigar da tasu. Inna ta zauna a gaba kusa da direba, makullin a dunƙule a hannunta. Ban taɓa ganin ta da irin wannan fara'a ba. Kawu yana baya a kan kaya cikin kwat ɗinsa, yana ɗaga wa mutane hannu.

Muka iso, muka tarar da ƙofar lungun matakala a rufe. Ba kwaɗo aka sa mata ba. An bi ta da walda daga sama har ƙasa, an haɗe ta da ginshiƙinta, ɗinki mai kyau, ko allura ba za ta shiga ba. Mai walda yana zaune a kan benci a ƙofar shagonsa, ya harɗe ƙafa.

Kawu ya diro daga mota. "Wane mara kunya ne ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Ka san hukuncin toshe wa mutum hanyar gidansa?"

"Ban sani ba. Na dai san wannan hanyar gidana ce."

Ya shiga shago ya fito da wata takarda a cikin leda, ya miƙa wa Inna, ba Kawu ba. "Mama, da mahaifinmu ya rasu aka raba mana. Ƙanena ya ɗauki sama, ni na ɗauki ƙasa da lungun nan da matakalar da ke cikinsa, don ni na ƙera ta da hannuna. Shekara tara yana hawa da izinina, ban taɓa hana shi ba, ke ma da ba zan hana ki ba. Abin da na so in gaya miki ke nan, aka ce ni ɗan kallo ne. To ga ni, ina kallo."

Tela ta fito daga shagonta da tef a wuya. Mai kantin da ke kusa ya bar ciniki. Kafin a ce me, titi ya cika. Kawu ya buga wa mai gilashi waya, a kashe. Ya sake bugawa, a kashe. Ya buɗe yarjejeniyarsa ya fara neman matakala, yana lasar yatsa yana juya shafi. Ya samu inda ya rubuta cewa an sayar da gidan da iskarsa da haskensa da duk wani alherin da ke cikinsa na fili da na ɓoye, amma babu matakala.

Direba ya ce yana da wani aikin da tsakar rana. 'Yan dako suka sauke mana komai a bakin titi: gado, firji, tukwane, kwalaye. Inna ta zauna a kan kujerarta a gefen kwata, tana kallon barandar gidan da ta saya da gumin shekara talatin da ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba.

Shi ko gogan, ko a jikinsa. Ya tafa hannu ya ce, "Jama'a, a kwantar da hankali. A doka, wanda ya shiga ya mallaka. Da zarar ƙafata ta taka saman nan, magana ta ƙare."

Gida biyu gaba da mu wani mai fenti yana aiki. Kawu ya je ya aro tsaninsa, ya ce minti biyar. Ya jingina shi da baranda, ya cije fayil a baki, ya fara hawa. A tsakiya kwat ɗin aro ta ce ɓarrr, ta tsage daga wuya har ƙugu. Tela ta ce, "Kar ka kawo mini, na rufe karɓar aiki!" Mutane suka kwashe da dariya. Ya dai lallaɓa ya kai, ya faɗa cikin baranda da ka, ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na shiga! Ku shaida, na mallaka!"

Mai kanti ya ce, "To shiga ciki mana mu gani."

Kawu ya murɗa ƙofar baranda. A kulle take ta ciki. Makullin da ke hannun Inna na ƙofar da ke kan matakala ne. Ya jijjiga, ya sa kafaɗa, ya leƙa ta gilashi yana kallon falon da ya auna da takalmi. Duk abin da ya mallaka bai wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba.

Amma mutumin nan bai san inda ake tsayawa ba. Ya ce a jefo masa igiya, a fara tura kaya sama, in kaya suka taru a baranda dole kotu ta ga alamar zama. 'Yan dako biyu da suka tsaya kallo suka ɗaura masa katifa. Ya ja, ta maƙale a allon shagon walda, ta tsaya a nan tana lilo. Ya ce a bar ta, a ɗauro wani abu mara faɗi. Kafin in ankara sun ɗaura kwalin farantan Inna, waɗanda abokan aikinta suka ba ta ranar sallama, ko sau ɗaya ba a ci abinci a cikinsu ba. Kwalin ya kai daidai hannunsa, ya saki igiya don ya gyara hula. Ƙarar da suka yi a kan rumfar kwanon shagon, har ƙarshen titi an ji.

Ya leƙo ya ce, "Ba komai, za mu sa a cikin diyyar da za a biya mu. Yaya, taso ki hau. Ke ce mai gida, hawanki ya fi nawa ƙarfi a shari'a. Ki riƙe da kyau kawai, kada ki kalli ƙasa."

Tela ta riƙe haɓa. "Kai, ka ji tsoron Allah! Tsohuwar da ke tafiya da ƙyar za ka ɗora a tsani? Ka raba ta da kuɗinta, ka fasa mata kwanuka, yanzu kuma ƙashinta kake nema?"

Ana cikin haka mai fenti ya dawo, ya ce minti biyar ta zama awa guda, mai aikin yana ta yi masa faɗa. Kawu ya ce daga sama, "Tsanin nan ya zama shaidar kotu. Duk wanda ya taɓa shi ya taɓa doka."

Mai fenti ya ce, "To kotun ta same ni a gida na uku, bangon da ake shafa wa shuɗi." Ya saɓa tsaninsa ya yi gaba.

Sai a lokacin Inna ta yi magana. Ta ce mini, "Katin matar nan yana nan?" Na zazzage jaka na samo shi.

Lauyar ta iso cikin rabin awa. Ba ta ce ai na gaya muku ba, ko da yake ni na so ta faɗa. Ta sa aka ce wa Kawu ya jefo fayil, ya ce sirrin aiki ne, ba ya bayarwa. Inna ta ɗaga kai ta dube shi sau ɗaya, sai ga fayil ya faɗo. Lauyar ta karanta shafi goma sha huɗun a tsaye, ta buɗe taswira mai tambarin gindin kofi, ta gwada da takardar mai walda.

"Mama, gidan naki ne, wannan babu shakka. Amma jan layin nan shi ne iyakar abin da aka sayar miki, kuma matakala tana wajensa. Da an ga wannan kafin a saki kuɗi, da sai mu ce wa mai gilashi ba ko kwabo sai ya kawo izinin wansa a rubuce. Da shi zai yi ta roƙo, ba ke ba."

Daga sama aka ce, "Ina ƙalubalantar wannan fassara!"

Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce ana iya zuwa kotu a nemi hanya, kuma mai yiwuwa a samu, amma sai an yi watanni. Ta tambayi Inna ko tana da inda za ta zauna kafin nan. Inna ta dubi kayanta a bakin kwata ta girgiza kai.

Lauyar ta je gaban bencin mai walda, ta gaishe shi, ta tambaye shi aiki, sannan ta ce, "Malam, me kake so?"

Ya ce, "Tun da aka fara cinikin nan, ke ce ta farko da ta tambaye ni." Ya zaro wasiƙar gargaɗin daga aljihu ya warware. Ya ce shi ba ya son kuɗin Mama. Da can, don kara, yakan dakatar da guduma da rana in matar ƙaninsa na hutawa, ba wanda ya sa shi. Amma tunda abin ya zama na takarda, to a rubuta: zai yi aikinsa lokacin da ya ga dama, kuma ba za a taɓa kai ƙararsa kan ƙara ba. Lauyar ta yi ta ja da shi a hankali har ya yarda ban da bayan faɗuwar rana. Iyakar abin da ta iya ƙwato wa Inna ke nan.

"Sai kuma ɗaya," in ji mai walda. Ya nuna sama da haɓa. "Mama ta hau, 'yarta ta hau, baƙinta su hau, wanda ta sayar wa nan gaba ya hau. Amma wancan, ƙafarsa ba za ta taɓa matakalata ba. Ko hawa, ko sauka."

Titi ya ɗauki shewa. Kawu ya riƙe ƙarfen baranda yana ihu, wai wannan sharaɗi ya saɓa wa kowace doka ta duniya, kuma Yaya ba za ta taɓa sa hannu a kai ba.

Lauyar ta rubuta da hannu a kan firjinmu da ke tsaye a titi, shafi ɗaya tak. Ta ce gobe za ta buga shi ta kai ofishin filaye a shigar a rajista, yadda ko mai walda ya sayar da shagonsa, hanyar Inna tana nan. Ta karanta wa kowa, ta kira tela da mai kanti su shaida.

"Shaidu biyu kacal?" in ji Kawu. "Wannan ai wasan yara ne!"

Inna ta sa tabaranta, ta karanta da kanta sau biyu, tana bin layi da yatsa. Ta sa hannu.

Minti biyu mai walda ya yi ya yanke ɗinkin. Shi da kansa ya ciro katifa daga allonsa, ya kuma kama wa 'yan dako firji. Inna ta hau a hankali, hannu a kan maƙari, tana hutawa bayan kowane taki uku, ni ina bayanta. Ta buɗe ƙofarta, ta tsaya a tsakiyar falo tana numfashi. Sannan ta je ta zare sakatar baranda.

Kawu ya shigo jiƙe da gumi, kwat a rabe biyu, wuya ya ƙone da rana. Ya yi ƙasa da murya, irin muryar nan da ta saba karya mata zuciya.

"Yaya, ni ne fa. Ƙaninki. Da hannunki kika sa a hana ni hanyar gidanki?"

Ta ce, "Da hannuna. Kuma a duk cinikin nan, ita kaɗai ce takardar da na san abin da ke cikinta kafin in sa hannu."

Ta ce in ba shi ruwa, na ba shi. Ya zauna a kan kwali har la'asar, sai da mai fenti ya tashi aiki aka roƙe shi ya kawo tsani. Kawu ya sauka ta baranda da baya da baya, rabin unguwa na tsaye suna ƙirga masa taki da ƙarfi.

Inna tana cikin gidanta yanzu. Hutun da ta yi shekaru tana mafarkinsa kuwa babu shi, domin guduma na farawa tun hantsi bai yi ba, kuma ta sa hannu ba za ta ce komai ba. Kawu yana zuwa gaishe ta duk ƙarshen mako. A titi yake tsayawa, ya ɗaga kai, ya kira ta. In mai walda yana kan aiki, ba ta ma jin sa.